Ƙofar Kongolam da tafiyar da ba a yi ba

Hutu ya ƙarato, kuma mun san irin shawarwarin da ake ƙullawa a bayan aji da gindin bishiyar makaranta. Wasu sun ce sai sun je Kano sun shiga kasuwar Kurmi sun hau Dala. Wasu Katsina suka nufa, su ga hasumiyar Gobarau. Wasu kuma ƙauye za su raka aboki wajen kakanninsa, a kwana biyu a dawo da gyaɗa da rake. An fara tara kuɗin mota, an fara lissafin kayan da za a saka.

Da yawa daga cikin waɗannan tafiye-tafiye ba za a yi su ba. Ba mugun baki muke yi muku ba, duk wanda ya girme ku zai faɗa muku haka. Abin da ya dame mu a yau shi ne ranar da abokinka zai same ka ya ce, “Tafiyar nan fa ba za ta yiwu ba.” Maganar da za ta fara fita daga bakinka a wannan lokaci ita za ta nuna ko tafiya kaɗai za ka rasa, ko har da abokin. Mun san waɗanda suka daina gaisawa har suka gama makaranta saboda tafiyar kwana biyu da ta rushe. Don haka za mu ɗauke ku zuwa Kongolam, inda tamu tafiyar ta maƙale.

Ga waɗanda ba su san wurin ba, Kongolam gari ne a ƙaramar hukumar Mai'aduwa ta jihar Katsina, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi biyar na masarautar Daura, tare da Daura da Zango da Ɓaure da Sandamu. Titin da ya taso daga Kano ya ratsa Kazaure da Daura, a Kongolam yake ƙarewa ta ɓangaren Najeriya. Da ka wuce shingen kwastan da na jami'an shige da fice, sai Ɗan Barto, ka shiga Jamhuriyar Nijar ke nan. Daga nan hanya ta miƙe zuwa Matamaye, ta kai ka Damagaram, wato Zinder. Tafiya ce ta 'yan awanni daga Daura. Mutum zai iya karyawa a gidansu ya ci abincin rana a Damagaram.

Iyakar ƙasashen nan biyu ta kai kimanin kilomita 1,500, kuma jihohin Najeriya bakwai ne ke kanta: Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno. Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta, ta hanyar yarjejeniyoyin da suka ƙulla tsakanin 1898 da 1910. Sun tarar da mutane masu harshe ɗaya da kasuwanni ɗaya, suna auratayya, layin ya ratsa ta tsakiyarsu. Shi ya sa a ƙasar Daura da wuya ka zaga unguwa ba ka sami gidan da ke da gwaggo ko kawu a Magarya ko Matamaye ko Damagaram ba. Abokinmu na makaranta yana cikin irin waɗannan gidaje. Mahaifiyarsa 'yar Damagaram ce, kakarsa kuma tana can a unguwar Birni.

A shekarar 2023 muna aji shida. Da muka ajiye alƙalamin WAEC, sai muka yanke shawarar cewa mu biyu za mu je Damagaram a ƙarshen makon farko na watan Agusta. Mu tashi Juma'a 4 ga wata bayan an sauko daga masallaci, mu dawo Lahadi da yamma. Shi zai ga kakarsa da rabonsa da ita shekara biyu. Mu kuwa za mu taka wata ƙasa karon farko. Ya cika mana kunne da labarin fadar Sarkin Damagaram da tsofaffin gine-ginen Birni da manyan duwatsun da ke tsakiyar gari da kilishin da ya ce na Najeriya bai kama ƙafarsa ba. Mun karanta cewa Damagaram ce hedkwatar Nijar a zamanin mulkin Faransa har zuwa 1926, lokacin da aka mayar da ita Yamai. Mun ƙagu mu gani da ido.

Shiri mun yi shi sosai. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu na wannan shekara kuɗin mota ya yi sama, saboda haka kowa ya dage. Ɗaya ya yi aikin gona na kwana-kwana, ɗaya ya zauna wa yayansa a shagon cajin waya. Kowannenmu ya kawo naira dubu goma sha biyar. Muka ware kuɗin mota, muka sayi turmin atamfa da kwalin sabulu na tsarabar tsohuwa, sauran muka kai wa ɗan canji ya ba mu sefa. Abokinmu har ya koya mana lissafin can, inda sefa biyar ake ce mata dala, sefa ɗari dala ashirin, sefa dubu kuma jaka. Iyayenmu sun amince, an sanar da kawunsa da zai tarbe mu a tasha.

Ranar Laraba 26 ga Yuli, saura kwana tara mu tashi, sojojin da ke tsaron fadar shugaban ƙasa a Yamai suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum. Da dare aka ba da sanarwar juyin mulki, aka ce an rufe iyakokin ƙasar. Bayan kwana biyu Janar Abdourahamane Tchiani ya bayyana a matsayin sabon shugaba. Ranar Lahadi 30 ga Yuli shugabannin ECOWAS suka zauna a Abuja ƙarƙashin jagorancin Shugaba Bola Tinubu, suka ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, suka rufe iyakoki daga nasu ɓangaren, suka kuma ba sojojin wa'adin kwana bakwai su mayar da Bazoum kan mulki, in ba haka ba za a iya amfani da ƙarfi. Ku duba kalanda: wa'adin zai cika ne ranar Lahadi 6 ga Agusta, ranar da muka tsara dawowa ta Kongolam.

Duk da haka ba mu fid da rai ba, muna cewa ƙila a sasanta kafin Juma'a. Ranar Laraba da magariba sai ga abokinmu a ƙofar gidanmu, ya jingina kekensa, ya kasa haɗa ido da mu. Ya ce, “Mutumina, Baba ya ce a fasa.” Ya yi shiru, sannan ya ƙara da cewa, “Ka yi haƙuri, na san ka wahala wajen tara kuɗin nan.” Ku lura da wannan. Shi ne yake ba da haƙuri, alhali ba shi ya yi juyin mulki ba, ba shi ya zauna a Abuja ba. Haka abin yake kusan kullum: wanda ya kawo labarin fasawa shi yake ɗaukar kunyar, ko da babu hannunsa a ciki.

A irin wannan lokaci zuciya tana son wanda za ta ɗora wa laifi, kuma wanda ke tsaye a gabanka shi ya fi sauƙin kamawa. Janar yana Yamai, ba za ka iya yi masa fushi ya gani ba. Abokinka kuwa ga shi nan. Kafin ka buɗe baki, yi wa kanka tambaya ɗaya: tsakanin ni da shi, wa ya fi asara? A tamu tafiyar amsar a fili take. Mu yawon buɗe ido muka rasa, kuma duwatsun Damagaram ba inda za su je. Shi kuwa tsohuwa ce mai shekaru da yawa take jiran sa, ana ta maganar yaƙi a rediyo, mahaifiyarsa ba ta barci. Abin da ya dace a tambaye shi a wannan dare shi ne, “An ji daga wajen Kaka? Suna lafiya?” Ita muka yi masa, kuma a nan ne ya zauna a kan dakali ya fara magana.

Washegari jarrabawa ta biyu ta zo. Wasu abokanmu suka ce ai fasawa ragwanci ne. Boda a bakin titi kawai take, in ji su, daji kuwa ba shi da ƙofa. A ba ɗan acaɓa kuɗi ya bi da mu ta cikin gonaki, kafin awa ɗaya muna ƙasar Nijar. Gaskiya ne akwai irin waɗannan hanyoyi, duk ɗan kan iyaka ya san da su. Amma ku tsaya ku yi lissafi. Wanda ya ƙetara ta ɓarauniyar hanya lokacin da hukuma ta rufe iyaka ya karya dokar ƙasa biyu a tafiya ɗaya. Babu inda aka rubuta sunansa ya shiga. Idan aka kama shi, ko babur ya faɗi da shi a jeji, ko aka ƙwace masa waya da kuɗi, babu wanda zai san ta inda za a fara nema. Ga sojoji cikin shirin ko-ta-kwana, kowa yana zargin baƙuwar fuska. Samari biyu 'yan shekara goma sha takwas da jakar goyo ba za su yi sauƙin bayani a irin wannan mako ba.

Labarin wannan shawara ya kai kunnen mahaifin abokinmu, bai kuwa yi faɗa ba. Ya kira mu zaure ya ce, “Ku zo nan, samari. Wanda ke bin dajin nan da buhun gero a bayan babur, cin abincin 'ya'yansa ne ya fitar da shi, ya san abin da ya saka kansa. Ku me ya kore ku? Kilishi?” Muka yi dariya, maganar ta mutu. Aboki na gari ba ya auna ƙarfin halinka da abin da zai iya jefa ka cikin rami. Idan wani ya ce maka matsoraci don ka ƙi bin hanyar da iyayenka ba su sani ba, bar shi ya faɗa, bakinsa ne.

Saura maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi kashe abota a tsakanin ɗalibai. Ba mu bari ta kwana ba. A zauren nan muka zazzage komai a kan tabarma, muka ɗauko takardar da muka riƙa rubuta abin da aka kashe. Kuɗin mota da ba a taɓa ba, kowa ya ɗauki rabinsa. Atamfa da sabulu muka ce a ajiye wa mai su, tunda da sunanta aka saya. Sefa ce ta so ta kawo gardama, domin in an mayar wa ɗan canji a ranar, sai an yi asara, shi ba ya saye a farashin da ya sayar. Muka amince a kan abu ɗaya: a damƙa wa mahaifiyar abokinmu ta ajiye, duk ranar da aka canza, riba ce ko faɗuwa, a raba biyu. Muka rubuta, kowa ya sa hannu, ana dariya ana cewa mun zama 'yan kasuwa.

Ga ɗan darasin tattalin arziki da ya fito daga wannan ajiya. Sefa ɗaure take da kuɗin Turai, wato yuro, a kan farashin da ba ya motsi: yuro ɗaya sefa 655.957. Naira kuwa tun watan Yuni na 2023 aka sake ta kasuwa ta yi mata farashi, ta kuma yi ta faɗuwa har zuwa farkon 2024. Saboda haka sefar da ke kwance a ƙasan akwati sai ta riƙa ƙara daraja a lissafin naira ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Da aka zo canzawa, abin da muka karɓa ya fi abin da muka bayar, muka raba daidai. Da naira ce ta tashi, da asarar ma daidai za mu raba. Abin da ya hana rigima shi ne mun yi magana tun babu wanda ya san inda farashin zai karkata.

To, ranakun da aka ware fa? Ba mu bar su sun tafi a kwance ba. Ranar Asabar muka shiga cikin birnin Daura muka nufi rijiyar Kusugu, wadda mun sha wuce ta a kan keke ba mu taɓa tsayawa ba. A nan aka sake ba mu labarin da kuka sani a darasin Hausa, na macijin da ke hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, da baƙon nan Bayajida da ya kashe shi, da sarauniya Daurama, da asalin Hausa Bakwai: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram. Muna tafe muna lissafi, sai muka ga cewa biyu daga cikin bakwai ɗin ma iyakar nan ta raba su. Akwai sarautar Gobir a Tsibiri ta Nijar, akwai ta a Sabon Birni ta jihar Sakkwato. Sarkin Maraɗi kuwa har gobe Sarkin Katsina ake ce masa, domin zuriyar sarakunan Katsina ne da suka koma can bayan jihadi.

Ranar Lahadi muka hau mota zuwa Mai'aduwa, ranar da babbar kasuwarta ke ci, kasuwar dabbobi da hatsi da ta dogara da mutanen ɓangarorin biyu. Ko'ina ka tsaya maganar boda ake yi. Direbobin da suka saba jigilar Kongolam zuwa Damagaram suna zaune a inuwa, 'yan dako suna jiran kayan da ba su iso ba. A iyakoki irin su Jibiya da Illela manyan motoci sun yi jerin gwano da kaya a kansu, wasu kayan masu lalacewa ne. Najeriya ta kuma katse wutar lantarkin da take sayar wa Nijar, wadda ita ce kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar ƙasar a lokacin. Shi ya sa sai da dare muka samu wayar kakar abokinmu ta shiga, bayan an kai ta caji wajen mai janareta. Ta ce masa, “Angona, ka tsorata da soja ka bar amaryarka ko?” Ya ce, “Ke dai tsohuwa ki ajiye mini kilishina.” Wanda ya ga abin da rufe iyakar ya yi wa masu neman na abinci, zai ji nauyin yin ƙorafi a kan yawon kwana biyu.

Mun ɗauka abin na mako ɗaya ne ko biyu, sai ya kusa cinye wata takwas. ECOWAS ta ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, Shugaba Tinubu ya ba da umarnin buɗe iyakoki ranar 13 ga Maris, Nijar ta buɗe nata ɓangaren ranar 22 ga Maris. Abokinmu ya je da ƙaramar sallar wannan shekara, ya kai atamfa da sabulu, ya tarar da tsohuwa lafiya. Mu a lokacin karatu ya riƙe mu, har yau ba mu taka Damagaram ba, kuma har yau shi ne na farko da muke nema idan mun dawo hutu. Ba wannan ne karon farko da aka rufe iyakar ba. A watan Agusta na 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ta rufe iyakokin ƙasa don hana fasa-ƙwaurin shinkafa da man fetur, ba a fara buɗe wasu ba sai Disamba 2020. Sannan tun ranar 29 ga Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS, ƙungiyar da yarjejeniyarta ta 1979 ta ba 'yan ƙasashenta damar shiga ƙasar juna har kwana 90 ba tare da biza ba.

Saboda haka duk wanda ke shirin ƙetarawa a wannan hutu, kada ya dogara da abin da yayansa ya faɗa masa shekara uku da suka wuce. A je tare da babba a tambayi jami'an shige da fice takardun da ake buƙata yanzu, a kuma tanadi katin rigakafin cutar shawara. A saurari labarai a rediyo a makon tafiya. Ko da tafiyar ta cikin gida ce, ga abin da muka ga yana da amfani. Ku rubuta abin da kowa ya kawo da abin da aka kashe, ko a bayan littafin lissafi ne. Kada ku kashe kuɗin da ba ya dawowa sai ranar tafiya ta matso. Ku yi magana tun farko a kan yadda za a yi da kuɗin idan an fasa, lokacin da kowa ke cikin raha. Ku sa iyaye a ciki daga ranar farko, domin tafiyar da aka ɓoye musu ita ce ta fi saurin rushewa, kuma ita ce ta fi haɗari idan ba ta rushe ba. Sannan ku ajiye wani wuri na kusa da za ku je tare idan na nesa ya gagara.

Yawancinku ba juyin mulki ne zai rusa muku shiri ba. Ƙila mahaifin ƙawarki ya ce babu muharramin da zai raka ku. Ƙila kuɗin da abokinka ya tara an karɓa an sayi magani ko taki, kuma kunya ba za ta bar shi ya faɗa maka ba, sai ya ce kawai “wani abu ya taso.” Kada ki tsare ta da tambaya a gaban ƙawaye, kada ka kai maganar zauren WhatsApp na aji ana yi masa dariya. Akwai dalilan da mutum ba ya iya faɗa sai bayan wata guda, wasu ma har abada. Idan kuma kai ne za ka fasa, faɗi da wuri, je da ƙafarka, kada ka kashe waya ka bar ɗan'uwanka da jaka a tasha. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, kuma ƙafar da ta kasa kaiwa Damagaram za ta iya kaiwa ƙofar gidan aboki.

Aikin wannan mako: ku tambayi wani babba a gidanku, kaka ko kawu, ko kuna da dangi a ƙetaren iyaka, a wane gari suke, kuma yaushe rabon da a ziyarci juna. Ku rubuto mana abin da kuka ji cikin layi goma, tare da sunan makarantarku da ajinku. Za mu buga waɗanda suka fi tsari a fitowa ta gaba. Allah ya ba da sa'ar jarrabawar ƙarshen zango, ya kai mu hutu lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya yarda.